Masu Gwajin Manhajar Ƙananan Jiragen Ƙasa: Waiwaye Daga Kwaya

Dogo bai taɓa ratsa ƙasar Kwaya ta Nijar ba. Ko a zamanin da gyaɗar Magariya da ta Dungas ke tashe, sai dai a ɗora buhunan a bayan raƙuma da jakuna, daga baya manyan motoci, a tsallaka iyaka a nufi Kano, inda layin dogo ya isa tun 1911. Nguru ma ta samu nata a 1930. Yanzu ana aikin layin Kano zuwa Maraɗi, wanda aka aza harsashinsa a watan Fabrairun 2021, zai bi ta Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya, amma mu dai har yau labarin jirgin ƙasa muke ji. To, mutanen da ba su ga babban jirgi ba, me ya haɗa su da labarin ƙananan jiragen da Turawa ke wasa da su a ɗakunansu? Abin da ya haɗa mu shi ne wata hanyar aiki da ta girma a hannun masu wannan wasa, wadda yau take cikin wayar ma'aikacin asibitin ƙauyenmu, ko ya sani ko bai sani ba.

Wanda ya taɓa ƙera motar kara yana yaro ya san daɗin kwaikwayon babban abu da hannunsa. A Turai da Amurka wannan sha'awa ta bi mutane har tsufa, ta zama sana'ar kamfanoni. A 1891 kamfanin Märklin na Jamus ya baje kolin jiragensa masu tsayayyen awon dogo a kasuwar birnin Laifzig. Lionel ya biyo baya a Amurka, Hornby kuma a Ingila a 1920. Da abin ya yawaita, kowane kamfani da irin awonsa, sai masu sha'awar a Amurka suka kafa ƙungiyar NMRA a 1935 don a daidaita ma'auni, taragon wani ya iya hawa dogon wani. Awon da ya fi yaɗuwa shi ne wanda ake kira HO, inda ake rage girman jirgin gaske sau 87. Manyan mutane ne, injiniyoyi da malamai da tsofaffin ma'aikatan reluwe, suke shimfiɗa gari guda a kan tebur, da tashoshi da gadoji da fitilun ba da hannu, suna tafiyar da jirage bisa jadawali kamar na gaske.

Matsalarsu ta farko ta lantarki ce. A tsohon tsari, ta dogon kansa ake aika wa jirgi wuta. In ka ƙara wutar ya ƙara gudu, in ka juya ta ya koma baya. Duk kan jirgin da ke bisa dogo ɗaya umarni ɗaya yake bi, don haka in kana son jirage biyu su yi tafiya daban-daban sai ka yanka dogon gida-gida, kowane yanki da makunninsa. A jami'ar MIT ta Amurka akwai wata ƙungiyar ɗalibai masu wannan wasa da aka kafa a 1946. Wani rukuni daga cikinsu bai damu da fentin tarago ko gina duwatsun ado ba, aikinsa a ƙarƙashin tebur yake, inda suka harhaɗa tarin makunnan maganaɗisu irin na tashar tarho don su sarrafa dogon. Waɗannan samari, irin su Peter Samson da Alan Kotok, suna cikin waɗanda suka fara kwana a gaban kwamfutocin jami'ar a ƙarshen shekarun 1950, kuma ɗabi'ar da suka zo da ita daga ƙarƙashin teburin nan ita ce: abin da ka rubuta ka bar shi a fili, duk wanda ya ga aibi ya gyara. Daga wannan jami'a Richard Stallman ya shelanta GNU, shirin manhajar da kowa ke da ƴancin gyarawa, a 1983. Linus Torvalds ya saki Linux a 1991 daga ƙasar Finlan. Buɗaɗɗiyar manhaja, wato wadda kowa ke iya karanta rubutun cikinta, ya gyara, ya raba wa wasu, tana da jijiya a wurin masu ƙananan jiragen ƙasa tun kafin ta samu suna.

Maganin waccan matsala ta lantarki daga Jamus ya zo. A ƙarshen shekarun 1980 kamfanin Lenz ya fito da dabarar barin wuta a kan dogo a kowane lokaci, a riƙa cusa saƙonnin lambobi a cikin wutar kanta. Kowane kan jirgi sai a saka masa wata ƴar na'ura, dikoda, wadda sau da yawa ba ta kai babban yatsa ba, mai adireshinta na kanta. Saƙon da ya zo da adireshinta shi kaɗai take amsawa. Zuwa 1994 NMRA ta karɓi wannan tsari a matsayin ma'auni na kowa da kowa, aka sa masa suna DCC. Daga nan jirage goma suka iya tafiya a dogo ɗaya, kowanne da saurinsa, da fitilarsa, da ƙarar injinsa.

Sai dai sauƙin ya zo da wata wahala. Kowace dikoda tana da gurabe masu lambobi, ana ce musu CV, waɗanda a cikinsu ake rubuta halinta. Sabuwar dikoda da adireshi 3 take zuwa. In kana son jirginka ya amsa lamba 1234, sai ka raba lambar gida biyu, ka rubuta 196 a gurbi na 17, ka rubuta 210 a gurbi na 18, sannan ka koma gurbi na 29 ka ƙara 32 a kan abin da ke ciki don dikodar ta san dogon adireshi za ta bi. Wannan na adireshi kaɗai ke nan. Dikoda mai sauti tana iya zuwa da ɗaruruwan gurabe, kuma bayan ƴan kaɗan da ma'aunin ya tsayar, sauran kowane kamfani yadda ya ga dama yake tsara su. Digitrax da nasa, NCE da nasa, ESU da Zimo da SoundTraxx kowa da nasa. Mutum ya sayi abin shaƙatawa, ya ƙare da littafin lissafi a cinya.

A farkon shekarun 2000 Bob Jacobsen, farfesan kimiyyar fiziks a Jami'ar Kalifoniya da ke Barkili, ya fara wata manhaja tare da wasu masu sha'awar, suka kira ta JMRI. Da harshen kwamfuta na Java suka rubuta ta, don ta yi aiki a kan Windows da Mac da Linux ba tare da an sake ta ba. Sashenta da ya fi farin jini shi ne DecoderPro. Kana ɗora kan jirgi a dogon gwaji, sai ta karanta gurbi na 8 ta gane kamfanin da ya ƙera dikodar, ta karanta na 7 ta gane samfurin, ta buɗe maka allo da bayani a fili: ga adireshi, ga sauri, ga fitila, ga ƙaho. Lissafin ya koma wuyanta. Wani sashen, PanelPro, shi ke zana taswirar dogo a allo, ya sarrafa mararraba da fitilun ba da hannu.

DecoderPro ba ta san kowace dikoda da kanta ba, sai an rubuta mata fayil da ke bayyana gurbi kaza na samfuri kaza aikinsa kaza ne. Samfuran suna da ɗimbin yawa, kullum kuma sababbi na fitowa. Ga na'urorin ba da umarni masu cusa saƙonni a dogo iri-iri, kowace da harshen da take magana da kwamfuta, Digitrax na amfani da LocoNet, Lenz na amfani da XpressNet. Ga wayoyin haɗi, ga tsofaffin kwamfutoci da sababbi. Babu mai rubuta manhaja ɗaya a duniya da ya mallaki duk waɗannan kaya, kuma JMRI ba kamfani ba ce balle ta gina ɗakin gwaji ta sayo su. Kayan suna warwatse a gidajen masu amfani da ita. Saboda haka ɗakin gwajin ya zama gidajen mutane, kuma masu gwajin su ne masu jiragen da kansu, ba albashi, ba kwangila.

Manominmu ya san wannan al'amari tun kafin kwamfuta. Irin geron da ya yi kyau a gonar cibiyar binciken noma ta INRAN da ke Tarna kusa da Maraɗi ba a cewa ya karɓu sai an kai shi gonakin mutane, wannan ya shuka a jigawa, wancan a ƙasa mai tauri, wani a shekarar da ruwa ya ɗauke da wuri, kowa ya dawo da labarin abin da ya gani. Masanin ya san irin, amma manomin ne ya san gonar. Manhaja ma sai ta shiga gonakin mutane ake sanin ƙwarinta.

Masu JMRI sun mayar da wannan tsayayyen tsari. Suna da fitowa iri biyu. Akwai fitowar gwaji, wadda ke zuwa kusan duk wata, ɗauke da sababbin abubuwa da gyare-gyare, ana kuma faɗa wa mutane ƙarara cewa tana iya zuwa da tangarɗa. Akwai tabbatacciyar fitowa, kusan sau biyu a shekara, a tsakiyarta da ƙarshenta, wadda ake ba wanda ba ya son kasada. Ko daga lamba ana gane su. In lambar tsakiya mara ce, kamar 5.3.1 ko 5.3.2, ta gwaji ce. In cika ce, kamar 5.4, an tabbatar da ita. Linux ma ta daɗe tana bin irin wannan ƙidaya a shekarunta na farko. Kowace fitowa tana zuwa da takardar bayani: abin da aka sauya, abin da aka san bai gyaru ba tukuna, da gargaɗin cewa mutum ya adana kwafin bayanan jiragensa kafin ya ɗora sabuwa.

Aikin mai gwaji ba shi da ƙyalli. Zai sauke fitowar, ya buɗe taswirar dogonsa da ya yi shekaru yana zanawa, ya ga ko ta buɗe yadda take. Zai karanta dikoda, ya rubuta mata sabon abu, ya sake karantawa ya ga ko ya zauna. Zai tura jirgi ya ratsa mararraba, ya lura ko fitilar ta koma ja a lokacin da ya dace. In komai ya tafi daidai, wannan ma labari ne da ake son ji, domin shiru ba ya nuna an gwada. In kuwa abu ya ƙi, a nan ake bambance mai ƙorafi da mai gwaji. Mai ƙorafi cewa yake abin nan ba ya aiki, ya yi gaba. Mai gwaji yana faɗin lambar fitowar da ya ɗora, da wadda ta yi masa aiki a baya, da irin kwamfutarsa, da na'urar da ya haɗa, da matakan da ya bi ɗaya bayan ɗaya har matsalar ta bayyana, ya haɗa da rubutun da manhajar ke ajiyewa na abin da ya wakana a cikinta. Da irin wannan rahoto, wanda ke wata nahiya, bai taɓa riƙe wannan dikoda a hannunsa ba, yana iya gano layin da ya karkace. Sai ya gyara, ya ce a sake gwadawa, mai gwajin ya koma ɗakinsa ya sake bin matakan. A ganina wannan komawa ta biyu ita ce mafi daraja a aikin gaba ɗaya, domin a lokacin ɗokin sabon abu ya wuce, haƙuri kaɗai ya rage.

Da yawa daga masu wannan hidima ba su iya rubuta manhaja ba. Abin da suke da shi dikoda ce a hannu, da takardar kamfani, da natsuwar bin gurbi ɗaya-ɗaya. Wasu a hankali suka koyi rubuta fayilolin bayanin dikoda, aka sa sunayensu a saman fayilolin. Waɗannan sunaye ne daga baya suka zama ƙashin bayan wata shari'a da JMRI ta shiga.

Wani ɗan kasuwa a jihar Oregon, Matthew Katzer, yana sayar da manhajar sarrafa ƙananan jirage, yana kuma riƙe da takardun mallakar ƙirƙira. A 2005 lauyoyinsa suka fara aika wa Jacobsen wasiƙu cewa JMRI ta shiga gonarsu, har suka aiko da takardar neman biyan sama da dala dubu 200. A watan Maris na 2006 Jacobsen ya garzaya kotun tarayya a Kalifoniya. Ana cikin shari'ar sai ta bayyana cewa an kwashi fayilolin bayanin dikoda na JMRI an saka su cikin kayan da kamfanin Katzer ke sayarwa, an cire sunayen waɗanda suka rubuta su da bayanin inda suka fito. Lasisin da JMRI ke amfani da shi a lokacin ya ba kowa damar ɗauka kyauta, amma da sharaɗin a bar sunayen, a kuma bayyana abin da aka sauya. Kotun farko a 2007 ta ƙi ba da umarnin dakatarwa, tana ganin abin saɓa yarjejeniya ne kawai, ba keta haƙƙin mallaka ba. Wannan fahimta da ta tsaya, da masu aikin kyauta sun shiga uku, domin wanda bai sa kuɗi a kan kayansa ba zai sha wuya wajen nuna asarar da aka jawo masa.

Ranar 13 ga Agustan 2008 kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya ta soke wannan hukunci. Ta ce sharuɗɗan lasisin buɗaɗɗiyar manhaja sharuɗɗa ne na gaske, wanda ya tsallake su ya fita daga izinin da aka ba shi, dokar haƙƙin mallaka tana iya hawa kansa. Ta kuma yarda cewa rashin karɓar kuɗi ba ya nufin rashin amfani, tunda mai manhajar yana samun gyara da ƙari daga hannun masu amfani da ita. Ƙungiyoyi irin su Creative Commons da Gidauniyar Linux da Gidauniyar Wikimedia sun mara wa Jacobsen baya a rubuce, don sun san hukuncin zai shafe su. A watan Fabrairun 2010 aka sasanta, Katzer ya amince ya biya dala dubu 100, aka kuma hana shi sake taɓa kayan JMRI. Har yau ɗaliban shari'a na karanta wannan ƙara. Ni abin da ya fi taɓa ni a cikinta shi ne kayan da aka yi rigimar a kansu: jerin gurabe da ma'anoninsu, waɗanda mutane suka tattara da daddare bayan sun taso daga aiki, suna gwada dikoda ɗaya bayan ɗaya.

Bayan shari'ar aikin ya ci gaba da faɗaɗa. Yanzu JMRI tana ƙarƙashin lasisin buɗaɗɗiyar manhaja na GPL. A 2015 ta mayar da rumbun rubutunta dandalin GitHub, inda duk gyaran da aka kawo sai ya bi ta tarin gwaje-gwajen da kwamfuta ke yi da kanta kafin a karɓe shi. Wannan ya kama kurakurai da yawa tun ba su isa hannun kowa ba, amma bai sallami mai gwaji ba, domin kwamfutar da ke can ba ta da dogo, ba ta da dikoda, ba ta san wayar haɗin da ke yankewa in ɗaki ya yi zafi ba. Lokacin da za a koma Java 11, an yi jerin fitowar gwaji masu lamba 4.99 kafin a saki 5.0 a 2022, don duk abin da sauyin zai karya ya karye a hannun waɗanda suka yarda su ɗauki kasadar. Wayar hannu ta zama abin tuƙi ta hanyar manhajoji irin su Engine Driver. Wasu masu sa kai kuma suka gina na'urar ba da umarnin kanta a kan ƴar allon Arduino mai araha, aikin da yau ake kira DCC-EX. Kowane sabon abu da ya shigo, haɗe-haɗen da ake buƙatar gwadawa ƙaruwa suke.

Tsarin yana da rauni, kuma bai kamata a ɓoye ba. A irin wannan aiki masu jiran tabbatacciyar fitowa sun fi masu gwaji yawa nesa ba kusa ba. Na'urar da mutane da yawa suka mallaka tana samun ido, wadda mutum ƙalilan ke da ita kuwa matsalarta na iya kwanciya har a tabbatar da fitowa, sannan ta tashi. Wanda bai shiga gwaji ba, yanayinsa ba ya cikin lissafi. Ba mugunta ce ta jawo haka ba, masu gyaran abin da aka nuna musu kaɗai suke gani.

Wannan raunin shi ya dawo da ni gida. Ma'aikatar lafiya ta Nijar tana tattara alƙalumanta da DHIS2, buɗaɗɗiyar manhaja ce da Jami'ar Oslo ke jagoranta. Masu bin gida-gida suna ƙidayar yara ko rijiyoyi sukan cika takardunsu a waya da ODK ko KoboToolbox, su ma a buɗe suke. Taswirar OpenStreetMap masu sa kai ne ke zana ta. Wikipedia ta Hausa tana nan, kuma tun 2021 Hausa ta shiga rumbun muryoyi na Common Voice da Mozilla ke tarawa. Duk waɗannan suna da ƙofar karɓar rahoto, da yawansu kuma suna sakin fitowar gwaji kamar JMRI. Yanayin da muke da shi a Kwaya da Dan Tchiao da Dogo-Dogo kuwa ba kowa ke da irinsa ba: waya mai ƙaramin rumbu da ta sha zafin bazara, caji daga faranti mai hasken rana, sadarwar da ke tsalle tsakanin layin Nijar da na Nijeriya in ka matsa kusa da iyaka. Ga haruffanmu masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ da ƴ, waɗanda wani lokaci kan fito kamar akwatuna a allo, ko a nemi suna da k a rasa shi don da ƙ aka rubuta. Ga bambancin rubutu tsakanin ƙasashen biyu, mu muna sa ƴ, maƙwabtanmu suna sa 'y. Mai rubuta manhaja a Oslo ba zai ci karo da ko ɗaya daga cikin waɗannan a teburinsa ba.

Don haka kirana ga matasanmu masu waya a hannu ne, da ɗaliban Jami'ar Damagaram, da ma'aikatan lafiya da malaman makaranta. In manhajar da kuke aiki da ita ta ƙi, kada ku tsaya ga tsaki. Ku duba lambar fitowarta, ku rubuta irin wayar, ku rubuta abin da kuka danna da abin da ya faru, ku ɗauki hoton allon, ku rufe sunayen mutane da ke ciki, ku aika wa masu ita, ko da Faransancin da bai nuna ba ne. In sun gyara sun ce a sake gwadawa, ku sake gwadawa, ku mayar musu da amsa.